Babban Ɗalibin Malam Tanko

Magariba ce irin ta ƙarshen damina, a wani ƙauye da ke gabas da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gida yana hango gida ta saman gero. Sunan ƙauyen ya kwanta mini yanzu, amma gidan ba na mantawa da shi. Gidan Malam Khalilu ne, mai koyar da yara karatu, ɗan marigayi Malam Tanko. Awaki sun shigo. Hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Inna Safara'u tana kwashe tuwo, 'yarta Rufaida tana kaɗa miya, Malam kuma yana alwala a bakin rijiya.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwanon soro.

Tsakuwa ce. Ta gangaro a hankali ta faɗi ƙasa. Inna ta ce yaran maƙwabta ne da harbin tsuntsu, ta ci gaba da aikinta. Wata ta sauka, wata ta biyo ta. Malam ya leƙa waje da butarsa a hannu, bai ga kowa ba. Gero na tsaye, ko ganye ba ya motsi. Ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ɗaya, ya ji ta da ɗumi kamar yanzu aka ciro ta daga toka. Ya yi a'uziyya, ya ajiye ta, ya tafi masallaci.

A cikin soron nan Malam Tanko ya yi rayuwarsa yana ba da karatu tsakanin la'asar da magariba. Wani ɗalibinsa mai rikoda ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset. Bayan rasuwarsa kaset ɗin suka taru a adaka, zafi da laima suna cin su. Uwais, babban ɗan Malam Khalilu, wanda ke gyaran kwamfuta a Bacirawa cikin Kano, shi ya ce ba zai bari muryar kakansa ta ruɓe ba. Ya zo da wani baƙin akwati da bai kai tukunyar miya girma ba, faifan ajiya biyu a cikinsa, sola ke ba shi wuta. Duk abin da aka zuba wa faifai na farko, na biyu yana ɗaukar kwafinsa nan take, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe amana. Ya juye karatun gaba ɗaya a ciki. Da ya nemi inda zai ajiye akwatin, sai ya zaɓi wani lungu a kusurwar soron, inda ya fi sanyi, inda kuma ba wanda ya taɓa ganin an zauna.

Rufaida ya koya wa kula da shi, don ita ce mai nutsuwa, kuma ta gama sakandare.

"Abu iri biyu ne a allon nan," ya ce mata, yana nuna allon kwamfutar da ke haɗe da akwatin. "Akwai waɗanda mu ke saitawa: sunan da za a kira faifai, ko ya yi aiki ko a dakatar da shi, kuskure nawa zai yi kafin na'ura ta ware shi. Waɗannan kada ki taɓa. Akwai kuma waɗanda shi ke faɗa mana, ba mu da ikon sauya su: lafiyarsa, yadda ya cika, sau nawa ya kasa karantawa. Su za ki duba kullum da yamma, ki faɗa mini a waya."

"To in ya yi ƙarya fa, Yaya?"

"Ba ya yi. Ke ce dai ban sani ba."

Ta kai masa duka da gefen mayafi, suka yi dariya.

Wajen sa suna ne Uwais ya yi raharsa. Ya rubuta wa faifai na farko Babban Ɗalibin Malam Tanko, na biyu kuma Mai Bi Masa. Ya ce ai duk cikin waɗanda suka zauna gaban Kaka babu wanda ya haddace karatun kamar wannan. Malam Khalilu ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Shi a shekarun da ubansa ke tsakiyar ba da karatu yana Kano yana sayar da yadi, sai daga baya ya dawo ya gaji buzun. Bai taɓa jin uban ya yaba masa ba, bai kuma taɓa jin ya zarge shi ba, wannan shirun ne ya tsaya masa a ƙirji.

Sunan ya bi akwatin. Aka saya masa 'yar fanka. Inna ta ɗinka masa murfin yadi. Maƙwabta in sun shigo sai su ce, "Yaya Babban Ɗalibi ya yini?" Rufaida ta amsa, "Lafiya lau, ko kuskure ɗaya babu." Haka aka yi ta yi, har zuwa magaribar da tsakuwa ta fara sauka.

Daga ranar jifa bai ƙara fashi ba. Rana na faɗuwa zai fara, a kan soro kaɗai, ba ya taɓa sauran ɗakuna. In ya lafa sai a ji gunaguni a ciki, irin na mai bitar karatu ƙasa-ƙasa, alhali ba a kunna komai ba. Malam ya yi addu'o'in da ya sani, ya yayyafa ruwan tofi a kusurwoyi. Abin ya yi sauƙi kwana kaɗan, ya dawo.

Rufaida kuwa ta soma canzawa. Ta rage magana, ta rage ci. Da la'asar sakaliya sai ta shiga soro ta zauna gaban akwatin, ba ta fita sai an kira ta. Inna ta leƙa wata rana ta gan ta tana kallonsa, irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya tarar a kan shimfiɗarsa. In Uwais ya bugo waya, sai ta ce da murya a kwance, "Lafiya lau, Yaya. Duka biyun."

Cikin haka aka gano kaset ɗin ƙarshe. Matar ɗalibin nan mai rikoda, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ita ta tsince shi cikin kayan mijinta ta aiko. Darasin da Malam Tanko ya bayar ne ana saura kwanaki ya kwanta ciwon ajali. Uwais ya zo ranar Juma'a a gurguje, ya juye shi cikin akwatin bai tsaya saurara ba, bai kuma duba allon lafiya ba tunda ƙanwarsa ta ce ƙalau. Wajen mayar da zaren baya rikodar ta cinye shi, ya tsinke gutsi-gutsi. Bai damu ba. Ya ce ai ya shiga faifai biyu, ya ruga ya kama motar Kano. Malam ya ce kada a kunna tukuna, sai an tara 'yan'uwa a ji tare.

Ba a kai ga tara su ba. Wata magariba, ana tsakiyar jifa, aka ji ƙara a cikin soron kansa. Malam ya shiga da fitila. Dutse ne kamar dunƙulen hannu, ya sauka a kan akwatin ya lotsa shi, rufin kuwa ko huda babu. 'Yar fitilar akwatin da ta saba zama koriya ta koma ja. Rufaida na zaune a ƙasa, ta ɗago kai ta yi dariya, dariyar tsohon namiji, sannan ta faɗi ta sandare.

Washegari da hantsi Uwais ya iso. Ya daɗe yana duba allon, ubansa na tsaye a kansa.

"Baba, na biyun ba lalacewa ya yi ba," ya ce. "Dakatar da shi aka yi, da hannu. Na'ura tana bambanta wanda ya mutu da wanda aka tsayar. Tun kafin in juye kaset ɗin aka yi."

"Wa ya yi?"

Uwais ya nuna masa wurin suna. An goge Babban Ɗalibin Malam Tanko, an rubuta Baƙo.

"Sauran karatun yana nan a duka biyun. Amma darasin ƙarshe na farko kaɗai ya shiga, shi kuma dutse ya ji masa ciwo. Ga lissafin kuskurensa. Wannan ba ni na rubuta ba, ba kuma zan iya gogewa ba."

"Kunna abin da ya rage," in ji Malam.

Muryar Malam Tanko ta cika soron, ta tsufa, tana tsayawa tana numfashi. Ya kai ƙarshen babin da yake karantarwa, aka ji motsin mutane za su tashi. Sai ya ce, "Ku dakata. Akwai maganar da nake so ku riƙe game da ɗana Khalilu, tunda ba ya nan. Shi Khalilu..." Daga nan sai shuuu, kamar ana sheƙe gero, har ƙarshe.

Malam ya zauna a ƙasa, ba a kan buzu ba. Waɗanda suka halarci darasin nan duk sun mutu, in ban da wani tsoho ɗaya da ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Can daga ɗakin Inna, inda aka kwantar da Rufaida, wata murya mai kauri ta ratso tsakar gida.

"Ni na ji sauran."

A ranar aka aika Shanono aka ɗauko Malam Kamaruddeen mai ruƙya. Ɗan ƙaramin mutum ne mai sanyin magana, ya zo a bayan babur da 'yar jakarsa. Ya yi sallar la'asar, ya sa aka kawo Rufaida soron aka zaunar da ita, uwarta na riƙe da ita ta baya. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwa ta miƙe a tsakar gida. Da hasken ƙofa ya soma ja, jikin yarinyar ya ɗauki rawa, kanta ya sunkuya, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa. Ka ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ɗalibi."

"Musulmi ne?"

"Na riga kakanka yin alwala."

"To me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

"Hannu nake nema. Ni ba na iya taɓa allonsu." Kan Rufaida ya juya wajen lungun. "Wurin can nawa ne. Tun Malam Tanko yana da baƙin gemu nake zama a nan. In ya shigo ya yi wa jama'a sallama, sai ya waiwaya ya ce, da na lungu. Ya hana kowa zama a wurin. Ku tambayi ɗansa, in ya sani."

Malam Khalilu ya sunkuyar da kai. Bai sani ba.

"Sai ga yaron nan ya ɗora mini ƙarfe a ka, ya ba shi sunana. Babban Ɗalibi! An saya masa fanka. An ɗinka masa riga. Kullum ana tambayar lafiyarsa, ana ƙirga masa kuskure kamar jariri. Ni na zauna damina da rani, ban taɓa sauke wasali ɗaya ba. Wa ya taɓa cewa yaya na yini?"

"Ban san kana nan ba," in ji Uwais. "Wallahi wasa ne."

"Kai ka yi wasa. Ni na ji."

Malam Kamaruddeen ya ce, "Duk karatun da ka ɗauka a gaban Malam, akwai inda ya halatta maka shiga jikin jikarsa?"

Wata akuya ta yi kuka a waje.

"Babu."

"To ka fita."

"A goge sunan har abada. A ɗauke ƙarfen daga wurina."

"Wannan ba wuya. Ba don ka isa ba, sai don in gaskiya ka faɗa, wuri naka ne. Amma ba yanka, ba turare, ba komai bayan haka," in ji mai ruƙya.

Uwais ya ɗauke akwatin, ya kai shi bakin ƙofa, ya share wurin suna ya bar shi fili. Mai ruƙya ya buɗe baki zai ci gaba. Sai idon Rufaida ya sauka a kan ubanta, ya tsaya.

"Kai kuma, ɗan Malam. Ba ka so ka ji?"

Muryar ta sauya. Ta tsufa, ta sirance, ta ɗauki numfashin nan da kowa a gidan ya sani. "Akwai maganar da nake so ku riƙe game da ɗana Khalilu, tunda ba ya nan. Shi Khalilu..." Ta tsaya daidai inda faifan ya tsaya. Inna ta saki salati. Malam Khalilu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Ƙarasa," ya ce.

"Ka bar ni a jikinta har a yanke dawa," in ji muryar mai kauri. "Kullum bayan la'asar in hau buzun Malam Tanko in ba da karatu da bakinta. Ku tara mutanen ƙauyukan nan, su ji da kunnensu wane ne babban ɗalibi. Ranar ƙarshe in faɗa maka, kalma da kalma."

"Ni ne ɗansa," in ji Malam. "Ni ya haifa. Don me kai za ka ji, ni ban ji ba?"

"Kana Kano kana auna yadi. Ni ina nan."

Maganar ta shige shi. Ya dubi lungun da ubansa ya yi shekaru yana yi wa sallama, shi ɗansa bai ko sani ba.

"Alheri ya faɗa, ko kuwa?"

"Har a yanke dawa."

Malam Kamaruddeen ya juyo gare shi. "Malam Khalilu, irinsu suna ƙarya. Ko da gaskiya ce, yarinyar nan jikinta ba zai kai kaka a haka ba, dube ta. Amma ubanka ne, 'yarka ce. Ba zan ci gaba ba sai ka ce."

Duhu ya fara shigowa ta ƙofa. Daga masallaci aka ji ladan yana gyaran murya. Malam ya tsaya, ya daɗe a tsaye, har Uwais ya ɗago ya dube shi da tsoro. Tun yana saurayi yake jiran maganar nan, ga ta a bakin da ke gabansa, taku biyu tsakani. Sai ya dubi bakin da kyau. Leɓɓan sun bushe sun tsage, jini ya daskare a gefe. Wuyan hannunta ya rame har awarwaronta ya zamo zuwa tafi.

"Malam," in ji Inna.

Ya koma ya zauna. Ya ce wa abin da ke jikin 'yarsa, "Riƙe ta. Kai ka zauna, kai ka ji, ta zama taka." Sannan ya dubi mai ruƙya. "Ci gaba, Malam."

Ihun da aka yi sai da maƙwabta suka ji. Tsakuwa ta zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Malam Kamaruddeen bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba, aya na bin aya, har ihun ya koma kuka, kukan ya koma roƙo.

"Zan fita. Na rantse da wanda ya halicce ni da ku, ba zan dawo mata ba."

"Ko wani na gidan nan."

"Ko wani na gidan nan. Lungun ma na bar muku. Wurin da sai da na yi jifa aka ba ni, me zan yi da shi?" Muryar ta yi ƙasa, kamar mai magana daga nesa. "Khalilu, ka sani da ita zan tafi. Ba za ka taɓa ji ba."

"Na sani," in ji Malam.

Ƙafar Rufaida ta hagu ta miƙe, ɗan yatsan ya karkaɗa, ya saki. Wata iska ta fita ta ƙofa, waɗanda ke waje suka ga gero ya kwanta layi guda ya nufi arewa, sannan ya miƙe. Jifa ya tsaya. Rufaida ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dubi baƙon malamin, ta ja mayafinta da kunya.

"Inna, ƙishirwa nake ji."

Malam da kansa ya je randa ya ɗebo.

Bayan kwanaki, da ta fara cin abinci tana fita tsakar gida, Uwais ya mayar da faifai na biyu bakin aiki, ya kwafe masa abin da ya tsira na darasin ƙarshe, sannan ya sayo sabo ya maye gurbin wanda dutse ya lotsa. Na'ura ta yini tana juye karatun, komai ya koma daidai, in ban da abu ɗaya. Allon ya ci gaba da nuna cewa akwai darasi guda da ya lalace.

"Baba, ba zai daina nunawa ba sai an goge darasin gaba ɗaya," ya ce. "In na goge, allo zai koma fes. In na bari, kullum aka duba sai ya faɗa."

"Bar shi ya faɗa," in ji Malam. "Ai gaskiya ce."

Haka aka bar shi. Wani lokaci, in yara sun tashi daga karatu soro ya yi shiru, Malam Khalilu yakan kunna darasin shi kaɗai. Yakan saurara har ubansa ya ambaci sunansa, sai ya kai hannu ya kashe da kansa kafin ƙarar ta fara. Ya ɗan zauna. Sannan ya ɗaga murya wajen tsakar gida.

"Rufaida! Kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Baba."

"Ƙara."